Warin man inji a cikin jirgin sama: daga ina yake fitowa, me kuma yake yi ma jiki?

Hawan jirgin sama yanzu ya wuce a ce na manya ne kaɗai. Manomi ya sayar da tattasansa ya biya kujerar Makka, ya kama hanyar Diffa, daga can ya ci kilomita kusan 1,360 zuwa Yamai, ya shiga jirgi a filin Diori Hamani, ya zauna awa biyar ko shida a rufe kafin ya sauka Jidda ko Madina. Ga ɗalibanmu da ke karatu a waje, ga masu aikin agaji da ke hawan ƙananan jiragen UNHAS tsakanin Yamai da Diffa, ga ƴan cirani da ke zuwa ganin gida.

Wani lokaci a cikin irin wannan tafiya akan ji wani wari ya cika jirgi. Ma'aikatan jirgi da suka san shi suna kwatanta shi da warin safa mai dauɗa wadda ta kwana cikin takalmi, wasu su ce warin baƙin mai ne da ya zuba bisa injin da ya ɗau zafi. Jefi-jefi har akan ga wani hazo fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Wannan warin yana da asali, kuma an fi shekara 25 ana gardama a kansa tsakanin matuƙa, da likitoci, da kamfanonin jiragen sama.

Iskar da ake shaƙa, daga ina take?

Babban jirgi yana tafiya ne a tsawon kilomita 10 zuwa 12 sama da ƙasa. A can sanyi yakan kai digiri 50 ƙasa da sifili, kuma iskar ta yi sauƙi ƙwarai, nauyinta bai wuce rubu'in na wadda muke shaƙa a bakin Komadugu ba. Da a ce za a buɗe ma mutum taga a wannan tsawo, ba zai cika minti guda da hankalinsa ba. Dole ke nan a matso iska a cusa ta cikin jirgi da ƙarfi, har ta zama kamar ta bisa dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400.

To wa ke matse ta? Injin jirgin ne da kansa. Injin yana zuƙo iska ta gaba, yana matse ta mataki-mataki da wasu farfeloli kafin ta kai inda ake ƙona kananzir. Masu ƙera jirage suka ga cewa tun da ga matsattsiyar iska a shirye, sai a tatsi kaɗan daga cikinta kafin ta isa wurin wuta. Ana tatsar ta da zafinta, sama da digiri 200, a bi da ita ta bututu zuwa na'urorin sanyaya da ke ƙarƙashin jirgi, sannan a sako ma fasinja. Kusan rabin iskar da ke cikin jirgi wannan sabuwar ce, sauran rabin kuma wadda aka riga aka shaƙa ce, aka tace, aka maido.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sun ji ana cewa jirgi yana da matata mai suna HEPA wadda ke kama ƙwayoyin cuta, musamman lokacin korona an yi ta faɗin haka. Gaskiya ne, amma matatar tana kan hanyar tsohuwar iskar da ake maidowa ne. Sabuwar da ta fito daga inji, a yawancin jirage, ba ta bi ta cikinta kafin ta iso hancin mutum. Kuma HEPA ƙura da ƙwayoyi take kamawa, tururi da iskar gas ratsa ta suke yi.

Jirgi guda daga cikin manyan na zamani ya bar wannan tsari, shi ne Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2011. Shi yana zuƙo iskarsa ne ta wasu kafofi na dabam a jikin jirgin, injin lantarki ya matse ta, ba ta ratsa babban injin ba sam. Kamfanin Ethiopian ne ya fara kawo shi Afirka a 2012. Sauran dai, Airbus ne ko Boeing, har da yawancin masu farfela da ke sauka ƙananan filaye, daga inji suke tatsa.

Ta ina man ke shiga?

Duk wanda ya taɓa kwance injin ban-ruwa ya san cewa inda ƙarfe ke juyawa bisa boris, sai da mai, kuma sai da zoben toshiya da ke hana man fita, abin da makanikai ke ce ma sil. Injin jirgi ma haka yake, sai dai nasa zoben yawanci matsin iska ne ke riƙe man a bayansa. Idan zoben ya ci, ko boris ya lalace, ko makaniki ya zuba mai ya wuce ma'auni, sai man ya tsallaka cikin iskar da ake matsewa. Akwai kuma injiniyoyi da ke cewa ko lafiyayyen zobe yakan ɗan yi ɗigo lokacin da inji ke sauya ƙarfi, wato wajen tashi da kuma lokacin da jirgi ya fara gangarowa. Shi ya sa aka fi jin warin a waɗannan lokuta.

Akwai wani ƙaramin inji a wutsiyar jirgi, ana ce mishi APU, shi ke ba da wuta da iska lokacin da jirgi ke tsaye ana shiga. Shi ma yakan yi yoyo, ko ya zuƙo man birki da na sauran na'urori da ya ɗiga a jikin jirgin. Da zarar mai ya jiƙe bututu, warin na iya dawowa tafiya bayan tafiya har sai an wanke.

Kada a haɗa wannan da warin kananzir da akan ji na minti ɗaya ko biyu lokacin da ake tayar da inji a ƙasa. Wancan hayaƙin salansa ne iska ta kaɗo, yakan wuce da jirgi ya motsa.

Abin da ke cikin man

Man injin jirgi ba irin na mota ko na babur ba ne. Haɗa shi ake yi a masana'anta don ya jure zafi, kuma ana zuba mishi wani sinadari mai hana ƙarfe cin ƙarfe, sunansa a taƙaice TCP, kamar kashi 1 zuwa 3 cikin 100. Wannan TCP ɗin dangi ɗaya suke da wasu magungunan ƙwari da manoma suka sani, irin su piya-piya, duk da cewa aikinsu a jiki ba iri guda ba ne. Wani nau'i nasa yana lalata jijiyoyin ƙafa da hannu.

Yadda duniya ta tabbatar da haka labari ne mai ɗaci, kuma a Afirka ya faru. A 1959, a ƙasar Maroko, wasu ƴan kasuwa suka sayi rarar man injin jirgi da ta fito daga sansanin sojin saman Amurka, suka gauraya da man girki suka sayar da araha, musamman a birnin Meknes da kewaye. Talakawa suka saya suka yi miya. Bayan ƴan kwanaki sai ciwon ƙwauri, sai ƙafa ta saki, sai hannu. Mutum kusan 10,000 suka shanye, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Sai da ƙungiyar Red Cross da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kai ɗauki. Kafin wannan, a 1930, dubban mutane a Amurka sun shanye bayan shan wani ruwan citta da aka gurɓata da wannan sinadari.

Amma a lura fa: mutanen Meknes ci suka yi, kwana da kwanaki, kuma man wancan zamani ya fi na yau guba nesa ba kusa ba. Masu yin man sun rage nau'in nan mai cin jijiya har ya zama ɗan mitsitsi. Kamfanoni a kan wannan suke dogara idan sun ce abin da ke shiga iskar jirgi bai isa ya yi lahani ba. Masu ja da su kuma suna cewa ba TCP kaɗai ba ne a ciki. Idan mai ya haɗu da zafin ɗaruruwan digiri, yakan farfashe ya fitar da wasu abubuwa da dama, har da iskar kabon monoksaid da ƙananan ɓurɓushi masu shiga can cikin huhu, kuma mutum duka yake shaƙa a haɗe.

A gefe guda, darasin Meknes ya shafe mu ko ba mu taɓa ganin jirgi ba. Jarkar da aka taɓa zuba man inji ko maganin feshi, ba ta man gyaɗa ba ce, ba ta ruwan sha ba ce, ko sau nawa aka wanke ta.

Me yake yi ma jiki?

Abin da ke faruwa nan take, kowa ya yarda da shi. Ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, tari, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, wani har amai. Wasu sukan ji yatsu kamar kiyashi na tafiya a ciki, ko su ji kai ya yi nauyi, tunani ya ƙi haɗuwa. Ga yawancin mutane abin yakan lafa cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu bayan sun fita sun shaƙi iska.

Haɗarin da ya fi tayar ma hukumomi hankali shi ne na matuƙa. A watan Nuwamba 1999, wani jirgi ƙirar BAe 146 yana gangarowa zuwa birnin Malmo na ƙasar Suwidin, sai matuƙan biyu suka ji jiri da tashin zuciya. Da ƙyar suka sanya abin shaƙar oksijin, babban matuƙin ya yi ƴan mintoci bai iya komai ba. Sun sauka lafiya, daga baya aka tarar da yoyon mai a ɗaya daga cikin injunan. Wannan ƙirar jirgi ta yi ƙaurin suna a kan lamarin, har majalisar dattawan Ostareliya ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2000. A can ne kuma wata ma'aikaciyar jirgi, Joanne Turner, wadda ta shaƙi hayaƙin mai a 1992 tana da juna biyu, ta yi shari'a da kamfaninta a kan tarin da ya zame mata na dindindin. Sai a 2010 shari'ar ta ƙare, ita ta yi nasara.

Inda ake ja-in-ja shi ne ciwo mai daɗewa. A 1999 wasu masana uku, Jean-Christophe Balouet na Faransa, da Chris Winder na Ostareliya, da Harry Hoffman na Amurka, suka raɗa ma abin suna, wanda ma'anarsa ita ce ciwon gubar iskar jirgi. Suna nufin matuƙa da ma'aikatan da bayan shekaru suna aiki suka koma fama da mantuwa, da rawar hannu, da kasala marar ƙarewa, da sanƙarewar gaɓoɓi, wasu har suka rasa lasisin tuƙi. Har yau hukumomin jiragen sama ba su amince da shi a matsayin cuta mai zaman kanta ba. A 2017 hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, EASA, ta auna iskar jirage da dama ta ce ingancinta daidai yake da na ofis ko makaranta, ko ma ya fi. Ƙungiyoyin ma'aikata suka amsa da cewa an auna ranar da babu yoyo ne.

Batun matuƙin British Airways, Richard Westgate, ya nuna yadda abin ke da wuyar yankewa. Ya rasu a watan Disamba 2012 yana da shekara 43, bayan ya daɗe yana cewa iskar jirgi ce ta lalata mishi jijiyoyi. A 2015 jami'in da ke binciken mutuwarsa ya rubuta ma kamfanin da hukumar jiragen saman Birtaniya takardar gargaɗi. Amma da aka kammala zaman a 2017, sai aka ce maganin barci ne da ya sha fiye da kima bisa kuskure ya kashe shi, tambayar iskar kuma aka bar ta a buɗe.

A ganinmu, abin da ya fi ba da mamaki shi ne, bayan duk waɗannan shekaru, yawancin jiragen fasinja ba su da wata na'ura da ke auna man inji a cikin iska ta yi ƙara. Hancin ma'aikata ne ma'aunin. Ita kanta hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, abin da ta fitar a 2015 jagora ne na koya ma ma'aikata yadda za su gane warin su kai rahoto. Idan ba a aunawa lokacin da abu ke faruwa, kowane ɓangare zai ci gaba da riƙe maganarsa.

Sau nawa yake faruwa?

Kwamitin masana guba na gwamnatin Birtaniya ya duba wannan a 2007. Bisa abin da matuƙa suka faɗa, ana jin warin mai a tafiya 1 cikin 100. Bisa abin da injiniyoyi suka bincika suka tabbatar, tafiya 1 ce cikin 2,000. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita kanta ta nuna inda matsalar take. Ko wanne aka ɗauka dai, alhajin da ya hau jirgi sau biyu a rayuwarsa, zuwa da dawowa, da wuya ya gamu da shi. Wanda abin ya fi shafa shi ne ma'aikacin da ke tashi kusan kullum na tsawon shekara 20.

Mai tsanani yana da wuya, amma yana faruwa. Ranar 23 ga Disamba 2024, jirgin kamfanin Swiss ƙirar Airbus A220 da ya taso daga Bukares zuwa Zurich ya samu matsalar inji, hayaƙi ya cika shi, ya yi saukar gaggawa a Graz ta ƙasar Austiriya. Fasinjoji sun tsira. Wani matashin ma'aikacin jirgin mai shekara 23 ya rasu a asibiti mako guda bayan haka.

Idan kun ji warin

Ku gaya ma ma'aikacin jirgi nan take, ku faɗi irin warin da kuma ta inda yake fitowa. Dattawanmu da yawa kunya ke hana su danna maɓallin kira, wasu kuma harshe ne. To a samu wani yaro ko jagoran tawaga ya faɗa. Wannan ba rashin ladabi ba ne, da irin maganar fasinja matuƙi ke gane wane inji zai rufe ma bututu.

Ku juya ɗan bututun iskar da ke saman kujera ku rufe shi idan ta nan warin ke fitowa. Ƙyalle mai laima bisa hanci yana rage ɓurɓushin hayaƙi, ko da yake ba ya tare gas. Kada ku jira abin shaƙar nan mai launin rawaya ya faɗo daga sama. Shi an yi shi ne don ranar da matsin iska ya zube, yana gauraya oksijin da iskar cikin jirgin, don haka ba a sakin shi saboda hayaƙi. Matuƙa su ke da mai rufe fuska gaba ɗaya.

Mai asma ko ciwon zuciya ya riƙe maganinsa a jakar hannu, kada ya bar shi cikin babbar jaka da za a kai ƙasan jirgi. Wannan ya shafi maniyyata sosai, tun da yawancinsu masu shekaru ne. Idan an sauka kuma ciwon kai, ko nauyin ƙirji, ko rikicewar tunani bai tafi ba, a ga likita a ranar, a gaya mishi an shaƙi hayaƙin man inji. Kabon monoksaid yana barin jini cikin awanni, gwajin gobe ba lallai ya nuna komai ba. A rubuta lambar tafiyar da kwanan wata a ajiye. Mahajjaci ya sanar da likitocin tawaga da jami'an COHO, sauran matafiya kuma suna iya kai ƙorafi ga kamfanin da kuma hukumar ANAC a Yamai.

Injunan da ke kusa da mu

Masu son ƙwallo za su tuna Emiliano Sala, ɗan wasan Ajantina da ya bar kulob ɗin Nantes zuwa Cardiff. Ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila ranar 21 ga Janairu 2019. Da aka auna jininsa, aka tarar kashi 58 cikin 100 na sinadarin da ke ɗaukar oksijin ya cika da kabon monoksaid. Masu bincike suka ce hayaƙin salansa ne ya shiga cikin jirgin, kuma da alama shi ma matuƙin ya shaƙa. Injin wannan jirgi mai fistin ne, ɗan uwan na mota, da na janareta, da na injin ban-ruwan da ke ruri a garaken tattasai duk rani.

Iskar da ta kama Sala ba ta da wari, ba ta da launi. Tana manne ma jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, shi ya sa kaɗan ma ya isa. Warin man jirgi aƙalla yana sanar da zuwansa, wannan kuwa sai dai ciwon kai da kasala da barci. Janareta da aka kunna cikin shago ko zaure saboda tsoron ɓarayi, injin ban-ruwa da aka saukar cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa sannan mutum ya bi shi ciki gyara, gawayi da aka kwana da shi cikin ɗaki a rufe lokacin hunturu, duk ita suke fitarwa. A rami abin ya fi muni, don babu inda hayaƙin zai tafi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake faɗuwa.

Janareta wajensa fili ne, nesa da ƙofa da taga, salansa ta juya ma ɗaki baya. Inji a kashe shi, a bar ramin ya sha iska kafin kowa ya sauka, kuma da igiya a ƙugu da mutum a sama. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, a fitar da kowa waje tukuna. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura mishi madara ko manja, a garzaya da shi CSI mafi kusa ko babban asibitin Diffa, a ce musu hayaƙin inji ne ya shaƙa don su sa mishi oksijin.